Ranar da Na Ce Dala Zai Yi Aman Wuta

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano ba, ko da yake ba jirgin ne ya sa ba. A shekarar na shiga koyon boko, da furfurata a gemu, ni magini da hannuna bai san komai ba sai tubali da yaɓe. Malam Sule, wanda yake aikin awon ƙasa da Nasara, shi yake koya mana a zaurensa a Madabo bayan la'asar. Unguwa kuwa dariya take yi mini, musamman Iro, taubashina. Kullum ya gan ni sai ya ce, "Ɗan makaranta, an ba ka tuwon tafiya?" Burina ɗaya, in nuna musu karatun nan yana da amfani.

Wata rana Malam ya nuna mana hoto a littafi: wani dutse a wata ƙasa mai nisa yana aman wuta. Ya ce kafin ya yi, sai an ga hayaƙi, a ji ƙasa tana ruri, sannan narkakken dutse ya malalo ya binne gari. Zai ci gaba da bayani aka kira magariba, muka tashi. (Da na san sauran bayanin shi ne maganina, da na dawo bayan sallah.)

Washegari da hantsi ina kan soron wani attajiri ina yaɓe, don damina ta gabato, sai na hango hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga gefen dutsen Dala. Na ce zan kawar da kai, sai na ji cida daga gabas, rugugugu. Hayaƙi da ruri! Ban san yadda na sauko ba.

Na faɗa gida na ce wa Hajara, matata, ta tattara kaya. Ta ce, "Malam, Dalan da kakanninmu suka tarar, yau zai yi amai? Me ya ci?" Na ce ba lokacin gardama da mai karatu ba ne. Na ɗora mata tabarmi da kaji a kan jaki, na tura ta gidan wanta can wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ni kuma na nufi gindin dutsen don in ceci jama'a, ina kururuwa, "Ku fita! Dala zai yi aman wuta!" Mutane suka biyo ni, Iro a gaba, har ya bar takalminsa.

Muna shan kwana sai ga mata masu ginin tukwane. Ihuna ya riga ni isa, sun watse a guje, sun bi ta kan ɗanyun tukwanen da suka shanya. Tsohuwarsu kaɗai, Iya Kande, ta tsaya riƙe da sanda a gaban wani tulin ciyawa da kashin shanu yana ci da wuta. Gashin tukwane suke yi, suna sauri kafin hadari ya iso.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai wutar? To ga ta nan, ni na hura ta. A littafinku an rubuta sunana?"

Iro ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ni dai na tsaya da laka har gwiwar hannu, ina fatan dutsen ya taimake ni ko da ɗan tari ne. Bai ko motsa ba.

Da la'asar na so in ɓuya, amma na daure na je. Zauren ya cika maƙil, kowa ya zo ya ji ƙarshen zance. Malam Sule bai yi mini dariya ba (sai da ya juya baya dai). Ya ce Dala ba irin wancan ba ne. Ruwan sama ne ya yi ta cin ƙasar da ke kewaye da shi shekaru aru-aru, kamar yadda yake cin katangar da ba a yi wa yaɓe ba, shi kuma marmarar da ke kansa ta kare shi, ya rage a tsaye. Wannan kam na gane shi sarai. Iro ya ce, "To Malam, rafin Jakara ma ruwa ne ya haƙa shi?" Tun daga ranar ya shiga karatun, bai taɓa fashin zama ba, yanzu har ya fi ni iya rubutu.

Na koyi cewa idan Malam bai rufe littafi da kansa ba, kada in ɗauki darasin in fita da shi titi.

Abin da aka rasa: tukwanen Iya Kande tara, waɗanda na biya da yaɓen katangarta; kaza ɗaya da ta tsere wa Hajara a hanya; takalmin Iro ƙafar hagu; da yaɓen rabin soro, wanda ruwa ya wanke da yammar.