Rasuwar 'Yar Siririya a Hannun Yaya Babba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu take tafasa, Auta ke sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutarta, 'Yar Siririya, ranar Laraba bayan la'asar, a kan teburin cin abinci. Ta rasu tana da shekara huɗu, ɗauke da shafi sittin da biyu na aikin kammala karatun Auta, wanda za a miƙa ranar Litinin.

Marigayiya ba ta da nauyi, ba ta da hayaniya. Hannu ɗaya ke ɗaukarta. Ba ta taɓa tona asirin Auta a laburare ba, sai dai fankarta ta ce "fuuu" a hankali, kamar mai jin kunya. Aibinta ɗaya: tana nawa wajen tashi da safe. To, wane ne ba ya yi a gidan nan?

Wannan nawar ce Yaya Babba ya kira cuta. Ya shigo da filash ɗauke da sabuwar manhaja a aljihu, ya ce zai sauke tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita, ya ɗora sabuwa marar nauyi.

Auta ta ce, "Yaya, aikina fa?"

Ya ce, "Ke dai matsoraciya ce. Na kwashe miki komai na adana. Minti ashirin, za ki ga tana tashi sama."

Ya kwashe ɗin kuwa. Ya buɗe folda, ya raɗa mata suna Ajiya, ya zuba komai, ya bar ta a cikin cikin marigayiyar. Sannan wajen ɗora sabuwar manhajar, allon ya tambaye shi, da manyan baƙaƙe, ko a goge komai. Ya danna e yana cin gyaɗa.

Jinyar ta ɗauki kwana uku. Maimakon ya nemi shafukan, sai ya zauna kwalliya. Ya mai da fuskar allon baƙa, ya canza launin gumakan allo sau bakwai, ya sa tagogi suna rawa in an ja su. Ya mayar da agogo tsakiya, wai ya fi kyau. A rana ta uku ya ce saura gyara ɗaya. Marigayiya ta ce "tit, tit", ba ta ƙara cewa komai ba. Mai gyara na bakin titi ya duba ta, ya dubi Yaya, ya ce, "Malam, me ta yi maka?"

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka, da maus wanda har yau bai san abin da ya faru ba. Auta na neman afuwa in kalmar ta yi tsauri, amma kisa ne.

Za a sa gawar a kwalinta gobe da hantsi, a kai ta saman durowa. Ana karɓar gaisuwa a falo, inda Umma ta zaunar da Yaya da tsohon kwafin aikin na takarda da malamin Auta ya cika da jan biro, yana sake bugawa a kwamfutar aro da yatsa biyu. Yana shafi na tara. An roƙi masu zuwa kada su ba shi hannu, yana bukatarsa.