Tafintan da na kai wa Dokta

Shekarar da aka canza takardun naira na fara iya rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, sai na ɗauka na gama sanin duniya.

Maƙwabcina Dokta, malamin nazarin zamantakewa, ya yi baƙuwa daga Faransa mai bincike kan rabon gado. Yana neman mai juya Faransanci zuwa Turanci.

Na ce, "Dokta, kwantar da hankalinka, ina da mutum."

Na ɗauko Idi mai shayin Ƙofar Galadima. Hujjata ɗaya, ɗan Nijar ne. Har rigata ta Juma'a na ara masa.

Baturiya ta yi ta zuba bayani, Idi na gyaɗa kai kamar alƙali. Da ta tsaya, ya ce da Hausa, "Tana gaisuwa."

Dokta ya ce, "Duk wannan?"

"Har da mutanen gida."

Ashe ko Turancin bai iya ba.

Na rasa riga, don Idi ya ce ladansa ce. Na rasa gaisuwar Dokta. Har yau in ɗan siyasa ya tsawaita jawabi a rediyo, sai abokaina su ce, "Malam, me ya ce?" Kafin in buɗe baki sun amsa, "Yana gaisuwa!"