Ranar da Na Nemi Takardun Shanun Baffa Jaɓɓi

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun farko da na yi bayan na shiga jami'a karatun lauya. Wata huɗu kacal na yi a Zariya, amma da na sauka a tashar Funtua ji nake kamar alƙalin alƙalai ne ya dawo gida. Farar riga, baƙin wando, ga wani ƙaton littafi a hammata wanda ko shafi talatin ban karanta ba (na dai ja layi da jan biro nan da can, don kada a raina ni).

A zangon nan an yi mana darasin share fage a kan dokar ƙasa da dokar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma: wacce ke gaba da wacce, da yadda yarjejeniya ke zama doka a cikin gida. Malaminmu ya taɓo batun makiyaya masu tsallako iyaka, ya ce dole su riƙe takardar shaida. Wannan kaɗai na kama da kyau, domin sauran lokacin ina can bayan aji ina gwada irin sa hannun da zan riƙa yi idan na zama Barista.

Babanmu yana da gona a bayan gari, hanyar Bakori. Kowace shekara in an cire masara da dawa, wani dattijon Bafulatani daga Nijar, Baffa Jaɓɓi, yakan sauka a cikinta da garkensa. Shanu su ci kara, su bar mana kashi, kuma kashin nan shi ne takin gonar gaba ɗaya. Manoman wurin rububin Baffa suke yi, amma shekara da shekaru gonarmu yake zaɓa saboda amincinsa da Baba. Duk na san wannan. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan har yau, don ba rashin sani ba ne, tsabar iyayi ne.

Kwana biyu da dawowata Baba ya ba ni ƙullin goro, ya ce in kai wa Baffa in yi masa barka da sauka. Na tarar da shi a gindin ɗorawa tare da Tanko, Bamagujen da gonarsa ke jikin tamu, da wasu manoma biyu da suka zo gaisuwa. Ganin mutane shi ya ja ni. Na yi gaisuwa a tsaye, ko rusunawa ban yi ba, na gyara littafina na ce, "Baffa, kafin komai ina son in ga takardarku ta shigowa da dabbobi. Doka ce ta ce haka."

Baffa ya dube ni tun daga takalmi har kai, ya tashi ya shiga bukka, ya fito da takarda a naɗe cikin leda ya miƙo mini. Ni kuwa na ɗauka ba shi da ita, har na shirya jawabi. Ina buɗewa sai na ga Faransanci ne daga sama har ƙasa. Ban san ko kalma ɗaya ba. Na tsaya ina gyaɗa kai ina cewa "uhm". Baffa da bai taɓa shiga aji ba ya matso ya sa yatsa, ya nuna mini inda aka rubuta yawan shanun, da allurar da aka yi musu, da burtalin da zai bi, da hatimin bakin iyaka.

Sannan ya ce, a hankali, "To ɗan Alhaji, tunda Allah Ya kawo mai ilimi. Bara wani ma'aikaci ya ce mani wagga takarda ta ƙasashe ce, shi dokar ƙasarshi yake bi. In sun saɓa, wacce aka bi?"

Wallahi tambayar da ta fito mana a jarrabawa ke nan, wadda na tsallake. Daga ƙarshe dai na ce ai ya danganta. Tanko ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe wannan ake zuwa Zariya a koyo, da an zo wurinsa da ya koyar kyauta. Na juyo gida ko sallama ban yi ba, da goron Baba a aljihuna.

Washegari shanun suna gonar Tanko. Baba ya tasa ni gaba muka je, na durƙusa na ba da haƙuri. Baffa ya ce ya yafe, har ya sa aka dama mini fura, amma ya riga ya yi wa Tanko alkawarin wannan shekarar, kuma shi ba ya kwana inda ɗan gida ya tambaye shi takarda.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Hutun da ya biyo baya, kafin saukar damina, ya aro amalanke ya nuna mini jujin unguwa. Mako uku ina tura taki zuwa gona, duk wanda na wuce sai ya ce, "Barista, an tafi kotu?" Duk da haka masararmu ta fito gajera, rawaya-rawaya, ta Tanko kuwa ta fi ni tsawo. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin Baba ne ya ɗauki asarar bakina.

Baffa ya dawo mana shekarar da ta biyo. Yanzu shi da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, garkunan Nijar ma sun daina saukowa kamar da, hanya ba ta da daɗi, gonar sai takin buhu. Ina kewar zamanin nan sosai. Na gama karatu, yau ko cikin barci aka tashe ni zan amsa tambayar Baffa. Abin da na koya dai shi ne, duk dokokin da na haddace, na gida da na ƙetare, babu wadda ta taɓa zuba taki a gonar kowa.