Ranar da Na Harbi Hoton Balaraba

Zuwana na farko Guangzhou saro kaya, kalmar Sinanci ɗaya na iya: "mei yo", wato babu. Da ita nake jin na gama da harshen.

A wani shago na ga bindigar iska mai harsashin roba, doguwa baƙa, irin wadda ba sai an sake ɗana ta ba, kunamar kawai ake ja. Na saye ta don in ɗauki hoto in aika wa budurwata Balaraba, ta ga jarumin da za ta aura. Na nuna cikinta da yatsa, ina tambayar ko da harsashi. Mai shagon ya ce, "Yo." Na ɗauka "mei yo" ya gajarta. Ashe "akwai" yake nufi.

A masauki, a gaban abokin ɗakina Isufu ɗan Maraɗi, na saita bindigar a kan hotonta, shi kaɗai nake da shi, na ce, "Kin harbe ni da so, yau zan rama."

Na ja kunama. Don firgita na sake ja, har sau uku. Inda murmushinta yake ya zama rami.

Isufu ya ce, "Abokina, haka kuke soyayya a Kano?"

Labarin ya riga ni isa gida, kuma ba wanda ya ambaci roba. Mahaifiyarta ta ce wanda ya harbi hoto ba a ba shi mai hoton.

Har yau 'yan kasuwa kan tare ni: "Mai-Yo, ina amarya?"

Nakan sunkuyar da kai in ce, "Mei yo."