Yadda Za Ka Sayar da Janaretanka a Intanet Ba Tare da Maƙwabta Sun Sani Ba

Wannan darasi ba na kowa ba ne. Idan a unguwar Gama kake zaune, ajiye shi ka je ka yi abin da zai amfane ka. Ku can ko fanka mutum zai sayar sai ya fito da ita ƙofar gida, maƙwabci ya taya, mai shayi ya sa baki, wani ya ce ya san mai sayen har kakansa. Wannan rashin sirrin ne ya sa ba a cika damfararku ba, kuma ba shi muke nema a nan ba.

Da kai nake, mai gida a Nassarawa GRA, wanda jam'iyyarsa ta sha ƙasa a zaɓe, jiniya ta daina kuka a ƙofarsa, amma har yau in ba a ce masa Honarabul ba, ba ya waiwayowa. Azumi ya ƙarato. Duk shekara kana rabon shinkafa da sukari, layi har kwanar titi. Bana in ba ka yi ba, gari zai gane cewa aljihunka ya bushe. Abu ɗaya mai daraja ya rage a gidan, shi ne ƙaton janaretan nan da ke hana maƙwabta barci tun ranar da aka rantsar da ku.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya, ba ni da aiki sai zama gindin darbejiya ina kallon masu shigowa layinmu da jiniya suna fita da motar kwasar kaya. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan janaretanka zai bar gidanka, kuma ba wanda zai ce sayarwa ka yi. Maƙwabcina Honarabul Habibu, tsohon mai ba da shawara na musamman a kan wani abu da shi kansa bai taɓa iya yi mini bayaninsa ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Rabin abin na gani da idona. Sauran kuwa matarsa Hajiya Zulaiha ce ta faɗa wa matata daga baya, bisa amana.

Mataki na 1: Guji duk wanda ya san ka

Kada ka kira dillali. Dillali yana da baki, kuma yana da shago inda za a iya samunsa in an sami matsala, wanda duk abin kunya ne ga mutum irinka. Buɗe shafin talla a wayarka ka sa wa kanka sabon suna. Honarabul Habibu ya zama “Abu Anas”. Ɗauki hoton janaretan ta yadda ko fentin katanga ba zai fito ba.

A ƙarƙashin hoton rubuta: “Ana gaggawa, mai shi zai yi tafiya.” Wannan jimla tana da albarka. Duk ɗan damfarar da ke Kano da kewaye zai gane cewa ga mutumin da wuya ta kai masa iya wuya, kuma ba ya son a sani.

Mataki na 2: Zaɓi mai saye da kunnenka

Masu saye na gaskiya ba su da ladabi. Za su ce ka yi tsada. Za su ce sai sun zo da makanike ya ji kukan injin, su tambayi rasit, su tambayi dalilin sayarwa. Wani ma ya kira Honarabul ya ce masa, “Malam, nawa ne gaskiyarsa?” Malam fa. Mutumin da ya taɓa zama a kujera ta biyu a ɗakin taro. Nan take ya kashe waya, kuma daidai ya yi.

Jira wanda ba zai taya ba. Za ka gane shi da alamu: shafinsa bai daɗe da buɗewa ba, hoton masallaci ne a maimakon fuskarsa, kuma sallamarsa cikakkiya ce har da barakatuhu. Na Honarabul ya ce sunansa Injiniya Ɗahiru.

“Ranka ya daɗe, ai ni ba na ciniki da manya,” in ji shi. “Yadda ka faɗa haka za a biya. Wani asibiti ne muke haɗa wa wuta, lada ma za ka samu.”

Kada ka tambayi sunan asibitin. Tambaya aikin masu ƙaramin ƙarfi ce.

Mataki na 3: Bari ya gano ko kai wane ne

Lambar wayarka tana manne a jikin fastocin yaƙin neman zaɓe tun daga nan har Gama, saboda haka wannan ba zai yi masa wuya ba. Zai ce, “Ranka ya daɗe, muryar nan kamar na san ta a rediyo. Ba Honarabul ba ne?”

Gabanka zai faɗi, kuma a lokaci guda ranka zai yi fari, domin rabon da wani ya gane muryarka tun kafin zaɓe. Honarabul Habibu ya fara kame-kame, ya ce ai na wani ƙaninsa ne. Injiniya ya katse shi cikin ladabi.

“Haba ranka ya daɗe, mu ai rufin asirin manya shi ne sana'armu. Ga yadda muke yi. Za mu zo da kayan makanikai a jikinmu, da mota mai ƙugiya. Kai dai ka ce sabis za a kai shi Kaduna. Wa zai zargi mai kai janareta sabis? Sai dai ma a ce har yanzu da sauran ƙarfi.”

Honarabul ya ce wa matarsa daga baya wai a lokacin sai da ƙwalla ta taru masa, don ya daɗe bai ga mai hankali irin wannan yaro ba. Ni ma na yarda yana da hankali.

Mataki na 4: Share masa hanya da bakinka

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, kada ka yi masa riƙon wasa. Kira maigadinka, kamar yadda Honarabul ya kira Idi, dattijon da ke tsaron ƙofarsa, ka ce masa masu gyara za su zo, ya buɗe musu ƙofa gaba ɗaya. Faɗa wa Hajiya. Faɗa wa yara. Bayan sallar Magariba a masallacin layi, tsaya kana neman takalmi ka ɗaga murya yadda sahun baya zai ji: “Janaretan nan nawa zan tura shi Kaduna sabis kafin azumi. Makanikan Kano ba su iya irinsa ba.”

Kashe kyamarar ƙofa, kada wata rana wani ya duba ya fahimci wani abu.

In ka gama wannan, ka tara shaidu Musulmi, baligai, masu hankali, waɗanda za su rantse a gaban kowane alƙali cewa ba a yi ciniki ba, kai da kanka ka ba da kayanka gyara. Ɓarawon da zai haɗa wa kansa irin wannan kariya sai ya sha wahala. Kai ka yi masa kyauta, a masallaci.

Mataki na 5: Sa ranar Juma'a da yamma, kuma ka yarda da alat

Injiniya zai zaɓi Juma'a bayan La'asar, saboda albarkar ranar. Cewa bankuna sun rufe sai Litinin, wannan dacewa ce kawai.

Zai ja ka gefe, bayan ɗakin janareta, ya danna wayarsa. Taka za ta yi ƙara. Saƙo ne mai ɗauke da sunan banki da kuɗinka cif. Yanzu shaiɗan zai raya maka ka buɗe manhajar banki ka duba ko kuɗin sun shiga asusunka da gaske, tunda irin wannan saƙon ko ɗan sakandare yana iya haɗa shi. Yi ta'awwuzi. Yaya za ka tsaya kana latse-latsen waya a gaban mutumin da ya ce maka ranka ya daɗe tun daga ƙofa? Sai ya ɗauka kuɗin sun dame ka. Honarabul Habibu ya kalli saƙon da gefen ido, ya jefa wayar a aljihu ya ce, “Ba komai, ai da ma ba sai ka nuna mini ba.”

Injiniya ya ce, “A duba dai, ranka ya daɗe, saboda halin yau.”

“Haba, tsakaninmu?”

Tsakaninsu kuwa kiran waya ne da bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Mataki na 6: Ba direba hannu

Wannan da idona na gani. Ƙofar gidan ta yi wa motar ƙunci, direba ya kasa fita da baya. Sai ga Honarabul da babbar riga a tsakiyar titi yana ɗaga hannu: “Taho, taho, karya dama, ya isa!” Idi yana riƙe da ƙofa. Alhaji Lawan, maƙwabcinmu na kwanar titi, wanda shi ma kwangilarsa ta tsaya tun da aka canza gwamnati, ya rage gilashin mota ya ce, “Honarabul, har Kaduna? Lallai ku ne manya.”

Honarabul ya yi dariya ya ce, “Abu mai kyau sai da kulawa, Alhaji.” Har kuɗin shan ruwa ya ba yaran motar, na ga lokacin da ya miƙa.

Mataki na 7: Ranar Litinin, riƙe bakinka

A daren Juma'a za ka buɗe manhajar a ɓoye, ka ga asusunka yadda ka bar shi. Ka ce matsalar sabis ce ta banki. Asabar ka kira Injiniya, waya a kashe. Lahadi ka duba shafinsa, ka tarar babu shi, har masallacin. Litinin wata yarinya a banki za ta kalli saƙon, ta kalle ka, ta ce cikin tausayi, “Alhaji, wannan ba daga wurinmu ya fito ba.”

Kada ka je wurin 'yan sanda, domin tambayar farko ita ce, “Sayarwa ka yi?” kuma akwai mai rubutawa. Kada ka je kotu, ka riga ka san abin da shaidunka za su faɗa.

Azumi ya kama a tsakiyar zafi. In aka ɗauke wuta, gidan Honarabul ya yi tsit, ni kuwa na sami barcin da na yi shekaru ina nema. Naman da ke cikin firiza ya lalace. Mata da tsofaffi suka fara taruwa a ƙofa da buhunansu a naɗe, Idi yana ce musu rabo sai tsakiyar azumi. Hajiya Zulaiha ta yi haƙuri har ta gaji, ta tsare mijinta bayan shan ruwa.

“Alhaji, wai sabis ɗin nan ƙera sabon inji ake yi? Ba ni lambar mai gyaran in kira shi da kaina.”

“Ke ba ki san aikin inji ba.”

“Na san aikin zafi. Yara ba sa barci.”

A ranar dai bai faɗa mata ba. Ya ce ana jiran wani ƙarfe daga waje.

Mataki na 8: In ka sake ganinsa, gaishe shi

Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, saboda haka ka natsu.

Wata Juma'a bayan La'asar muna dawowa daga masallaci ni da Honarabul, sai ga mota mai ƙugiya a ƙofar Alhaji Lawan, janaretansa yana lilo a sama. Ga yara da kayan makanikai. Ga Alhaji Lawan a tsakiyar titi yana ba direba hannu. Ga kuma Injiniya Ɗahiru, da hularsa da carbinsa.

Ni a lokacin ban san komai ba, sai dai na ga Honarabul ya tsaya cak. Mutanen masallaci suna bayanmu. Idi yana bakin ƙofa da sandarsa. Kalma ɗaya ce kawai, ya ce “ɓarawo”, da yaron nan ko kwanar titi ba zai kai ba. Da janaretan Alhaji Lawan ya tsira, wataƙila ma a gano inda na Honarabul yake. Abin da zai biya kawai shi ne layi ya ji cewa Honarabul sayarwa ya yi.

Alhaji Lawan ya ɗago hannu, fuskarsa cike da fara'a. “Honarabul! Ni ma na bi sahunka. Kaduna zan tura shi. Da na ga su ne suka ɗauki naka, ai ban ma tsaya bincike ba.”

Injiniya ko gezau bai yi ba. Ya tako har gaban Honarabul, ya rusuna, ya ce yadda kowa zai ji, “Ranka ya daɗe, barka da Juma'a. Naka ya kusa, wani ƙarfe kawai muke jira.”

Honarabul ya dubi Injiniya, ya dubi Alhaji Lawan, ya waiwayi mutanen masallaci. Sannan ya gyara babbar rigarsa.

“Ba gaggawa, Injiniya,” in ji shi. “A dai yi aiki mai kyau.”

Da motar ta zo fita, shi ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da alhakin janareta, ko naman firiza, ko zafin da zai same ka da iyalinka. Na yi alkawarin kayanka za su tafi ba tare da an ce ka sayar ba, kuma na cika. Ban taɓa cewa za a biya ka ba, koma ka karanta. Wanda ya duba asusunsa kafin ya saki kaya, ko ya kira wani ya tsaya masa a ciniki, ko ya yarda a ce masa Malam, ya saɓa wa darasi, kuma duk abin da ya same shi na kuɗi a hannu shi ya jawo wa kansa.

Masu neman ƙarin bayani kada su je gidan Honarabul Habibu. Idi ya sanar da masu jiran shinkafa cewa maigida ya tafi Umara, sai bayan Salla. Haka aka ce Alhaji Lawan ma ya tafi. Allah ya karɓi ibada. Ni dai daga gindin darbejiya ina ganin labulen bene yana motsi a gidajen biyu, kuma a kowanne akwai mai yin fifita da kwali.