Yadda Na Miƙe Gogen Ustaz Bashir

Maƙwabcina a unguwar Ƙurban, Ustaz Bashir, Bahaushen Sudan ne. Yana da wani ƙaton goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake kaɗawa a tsaye saboda ya fi mutum tsayi. Gadon mahaifinsa ne, kuma wuyansa ya saki. Na ce ya kawo mini. Ni, injiniyan da ke daidaita bututun matatar mai a birnin Yanbu, katako ne zai gagare ni?

Wuyan dai ya zauna daram. Da a nan na tsaya, da har yau ina da mutunci. Amma da na ɗora ma'aunin ruwa irin na magina, sai na ga abin takaici: baƙin allon da ake danna yatsu a kai ba a shimfiɗe yake ba, ɗan katakon da ya tallafi tsirkiyoyin kuma ya yi doro. Na tausaya wa Turawa, na wuni ina kankara har komai ya miƙe sambal.

Ustaz ya zo ya ja izga sau ɗaya. Tsirkiyoyin huɗu suka amsa tare, kamar raƙumi ya hango wuƙa. Ashe doron ne ke sa izga ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ajiye izgar, ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "Masha Allah, ya Muhandis! Marigayi mahaifina ma bai taɓa kaɗa huɗun a tare ba."

Sai daga Alƙahira aka kawo wasu katakan. Har gobe in na yi sallama a gidansa, sai ya ɗaga murya ya kira matarsa: "Hajiya, ɓoye ayaba, Muhandis ya iso, kada ya miƙe ta!"