Ranar da Na Kira Surukina a Talabijin

Ko a gigin tsufa ba na jin zan manta da ranar da na shiga gasar kacici-kacici ta talabijin. Shirin nan ne da ake yi a ƙasashen waje, wanda ake zaunar da mutum kan doguwar kujera ana jefa masa tambayoyi, sai wata tashar garin nan ta yi nata da Hausa, kuma kai tsaye ake nunawa. Babbar kyautar kujerar Umara ce. Ni kuwa tun ranar da aka ce na samu shiga na je na faɗa wa Inna, mahaifiyata, ta fara shirya jaka (bakina ba ya iya jira, wannan tsohon ciwo ne).

Unguwarmu ta Gwale kaf ta sani. Tela ya ɗinka mini sabuwar shadda, maƙwabta suka fito da talabijin ƙofar gida suka tayar da janareta.

Wallahi da farko na yi ƙoƙari. Tambaya na zuwa ina cafkewa, 'yan kallo na tafi, ni kuma sai gyara hula nake yi, zuciyata har ta kai Inna filin jirgi. Sai ga ta ƙarshe: mene ne babban birnin ƙasar Ostireliya? Kaina ya ɗauke wuta.

Saura mini dama ɗaya, ta kiran wani a waya, daƙiƙa talatin kacal. Lambar da na bayar tun farko ta surukina ce, Malam Habu, wanda ya yi ritaya yana koyar da labarin ƙasa. Matata ce ta ba ni shawarar, ni ma na ga babu wanda ya fi shi.

Ana cewa “Lokacinka ya fara”, na ji muryarsa ta cika ɗakin: “Salamu alaikum.”

Jama'a, ban san lokacin da na sauko daga kujerar nan ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙasa. An ce mai kyamara sai da ya yi ta laluben inda na shiga.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau. Ya iyalin?”

“Lafiya ƙalau, Baba. An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya wajen Hajiyarka?”

Mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo da hannu biyu, ina ganinsa sarai. To amma ta yaya zan katse surukina yana tambayar mahaifiyata? Na ce tana gaishe shi, ya ce yana amsawa. Na buɗe baki na ce, “Baba, dama wata 'yar tambaya ce...” sai ƙararrawa ta buga, layi ya yanke.

Ɗakin ya kwashe da dariya, har mai gabatarwa sai da ya kifa kai a tebur. Na hau kujera ba takalmi, na ce Sidni. Ashe Kanbera ce.

Washegari na je gidan Malam Habu kaina a ƙasa. Ya ce, “Ai ina kallo, amsar tana bakina tun kafin ka kira. Na ga ka fara gaisuwa ne, na ce kada in yi maka rashin ta-ido.”

Wajen Inna ne abin ya fi yi mini ciwo. Na same ta tana mayar da kaya cikin sif, na zauna. Ta ce, “Duk garin nan sun ga na yi maka tarbiyya. Amma da ka bari na dawo daga Umara, sai mu je tare mu ba surukin naka haƙuri.”

Shawarata ga duk mai shiga irin wannan gasa: ka ba da lambar abokin wasanka, wanda za ka iya ce wa “Kai, yi mini shiru ka saurara.” Suruki kuwa, ka je har gida ka gaishe shi tun da safe.